Alƙalin da ba mu san shi ba sai ranar hukunci

A ƙarshen watan Mayun 2024, duk majalisar da ka zauna a Kano, ta mai shayi ce ko ta ƙofar gida bayan la'asar, zance ɗaya ake yi. Majalisar dokokin jiha ta soke dokar 2019 da ta raba masarauta gida biyar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu ranar 23 ga wata, aka mayar da Muhammadu Sanusi II gidan Dabo, Aminu Ado Bayero kuma ya dawo gari ya sauka a gidan sarki na Nassarawa. Daga nan takardun kotu suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Mai Shari'a Abdullahi Muhammad Liman na Babbar Kotun Tarayya ya ce a dakata da aiwatar da sabuwar dokar. Mai Shari'a Amina Adamu Aliyu ta Babbar Kotun Jiha ta hana Aminu da sauran sarakuna huɗun ci gaba da kiran kansu sarakuna. Mai Shari'a Simon Amobeda, shi ma na kotun tarayya, ya ba da nasa umarnin da ya yi wa ɓangaren Aminu daɗi. 'Yan sanda suka tsaya riƙe da takardu masu karo da juna, har sai da Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su je su yi masa bayani.

A waɗannan kwanaki na ji tambaya ɗaya a bakin magoya bayan kowane ɓangare: wai shi wannan alƙalin ɗan ina ne, wa ya kawo shi? Da wuya mai tambayar ya samu amsa ta gaskiya. Abin da yake samu jita-jita ce, wannan ya ce yaron wane ne, wancan ya ce an gan shi a gidan wane. Tambayar kam tana kan hanya, an dai makara wajen yin ta. Lokacinta shi ne shekaru kafin wannan rana, sa'ad da sunan mutumin ke kan takarda ana shawarar a ba shi kujerar ko a hana shi. Mu a ƙasar nan ba mu saba jin sunan alƙalin Babbar Kotun Tarayya ba sai ranar da alƙalaminsa ya taɓa mu, kuma ina ganin wannan na cikin manyan abubuwan da suka sa mutane ba sa yarda da hukunci ko da an yi shi daidai.

Mutane da yawa ba su san girman abin da aka danƙa wa wannan kotu ba. An kafa ta a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, da sunan Kotun Haraji ta Tarayya, don ta duba shari'o'in kuɗin shiga na gwamnati. Tsarin mulkin 1979 ne ya sauya mata suna, daga nan huruminta ya yi ta faɗi. A yau sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe mata harkar kwastan, harajin kamfanoni, bankuna, jiragen ruwa da na sama, ma'adinai, makamai, ƙwayoyi, shaidar zama ɗan ƙasa, cin amanar ƙasa, da ƙararrakin da ke ƙalubalantar matakin hukumomin gwamnatin tarayya. Dokar zaɓe ta 2022 ta keɓe mata rigingimun zaɓen fitar da gwani. Dokar yaƙi da ta'addanci ita ma can ta kai shari'o'inta, shi ya sa alƙalanta ne suka zauna a barikin Kainji daga 2017 suna sauraron shari'ar ɗaruruwan mutanen da ake zargi da shiga Boko Haram. Duk wannan, mutum ɗaya ne ke zama a kan kujera. A Kotun Ɗaukaka Ƙara aƙalla mutum uku ke zama, a Kotun Ƙoli biyar ko bakwai, wani ya gyara kuskuren wani. A nan alƙali shi kaɗai ne da littafinsa da Ubangijinsa.

Kuma kada wani ya ɗauka kotun ta wani ɓangare ce. A watan Maris na 2020, bayan an tuɓe Sanusi an kai shi Awe a jihar Nasarawa, Mai Shari'a Anwuli Chikere ta wannan kotu a Abuja ce ta ba da umarnin a sake shi, daga baya a 2021 ta yanke cewa korar da aka yi masa daga Kano ta saɓa wa tsarin mulki. Waɗanda suka yi murna a ranar su ne suka yi fushi bayan shekara huɗu. Yau gare ka, gobe ga waninka. Saboda haka kowa na da rabo a cikin maganar wanda zai hau kujerar.

Manya ma ke nan, masu kuɗin ɗaukar Babban Lauya mai SAN su bi ƙara har Kotun Ƙoli. Wanda ya fi damuna shi ne yaron da jami'an NDLEA suka kama da ƙwaya a tasha, ko direban da kwastan suka riƙe wa mota, ko ƙaramin ma'aikacin da wata hukumar tarayya ta take wa haƙƙi. Irin waɗannan ba sa ɗaukaka ƙara, don ba su da kuɗinta. Abin da alƙalin farko ya faɗa shi ne ƙarshen magana a rayuwarsu. Ko beli ya samu ko ya shekara a gidan yari yana jiran shari'a, ko tafinta ya fassara masa tuhumar da kyau kafin ya ce ya amsa laifi, duk yana hannun wannan mutum ɗaya. Ko a shari'ar da aka ɗaukaka, alƙalin farko ne ya ga shaidu da idonsa, ya ji rawar muryarsu, ya rubuta abin da suka faɗa. Kotunan sama takarda kawai suke karantawa, kuma ba kasafai suke taɓa abin da ya tabbatar game da gaskiyar shaida ba. Idan tushe ya karkace, duk abin da aka ɗora a kai haka zai tafi.

To me tsarin mulki ya nema ga mai wannan aiki? Sashe na 250 abu ɗaya ya faɗa: ya zama lauya wanda ya kai shekara goma da samun izinin aiki a Najeriya. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC. Majalisar dattawa ba ta da ta cewa sai a kan shugaban kotun kaɗai. Hanyar da yawancinsu ke biyowa sananniya ce: shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a makarantar horon lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ko Yola ko wani reshen, sai bautar ƙasa. Daga nan wani ya buɗe ofis, wani ya shiga ma'aikatar shari'a ya zama lauyan gwamnati, wani ya zama majistare, wani rijistara a kotu. Wanda ya fito yana ɗan shekara 25, da shekara 35 ya cika sharaɗi. Tun watan Yunin 2023, da Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran tsarin mulki, alƙalan manyan kotuna ba sa ritaya sai sun kai 70, maimakon 65 na da. Ke nan wanda aka naɗa yana ɗan shekara 40 zai iya yin shekara 30 yana yanke hukunci. Shugaban ƙasa da muke kashe biliyoyi muna zaɓa, muna tone tarihinsa har takardar firamare, shekara takwas ce iyakarsa.

Akwai ƙa'idoji, ban ce babu ba. A 2014 NJC ta fitar da sabon tsarin naɗa alƙalai. Shugaban kotu zai sanar da guraben da ake da su, a nemi masu sha'awa, a nemi alƙalai da ƙungiyar lauyoyi su ba da suna ko su faɗi abin da suka sani. Hukumar kula da aikin shari'a ta tarayya, FJSC, za ta tace, DSS ta kawo rahoto, a duba lafiya, a kai wa NJC sunaye fiye da guraben, kwamitinta ya yi wa mutane tambayoyi, sannan a aika wa shugaban ƙasa. Ana kuma raba guraben bisa jihohi don kowane yanki ya samu wakilci. Tsarin ya ma faɗa a fili cewa kamun ƙafa na iya hana mutum samun kujerar. A kan takarda babu abin kushewa sosai. Matsalar ita ce kusan duk wannan a bayan labule ake yinsa, kuma igiyar labulen tana hannun mutum ɗaya.

Alƙalin Alƙalai shi ne shugaban FJSC da ke tace sunaye. Shi ne kuma shugaban NJC da ke karɓar sunayen da aka tace. A cikin mutum 24 na NJC, 19 shi ke naɗa su: tsofaffin alƙalai biyar, shugabannin kotunan jiha biyar, Girandi Kadi ɗaya, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada ɗaya, lauyoyi biyar da ƙungiyarsu ke ba da sunansu, da mutum biyu waɗanda ba lauyoyi ba. Wannan ba ƙorafin 'yan waje ba ne kaɗai. Ranar 27 ga Oktoban 2023, a jawabinsa na bankwana da Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad, wanda shi ne na biyu a girma a kotun, ya tsaya gaban jama'a ya ce ikon da aka tara wa ofishin Alƙalin Alƙalai ya yi yawa, kuma iko irin wannan yana lalata mai shi. Mutumin da ya yi fiye da shekara arba'in a cikin gidan ne ya faɗa. A farkon wannan watan na Oktoba ne aka rantsar da sababbin alƙalai 23 na Babbar Kotun Tarayya, cikinsu har da ɗan Alƙalin Alƙalan da ke rantsarwar.

A nan ina so in yi adalci, domin maganar adalci muke yi. Ɗan alƙali ɗan ƙasa ne. Ba laifinsa ba ne da aka haife shi a gidan da aka haife shi, kuma gado ba baƙon abu ba ne a wurinmu: akwai gidajen malamai, gidajen maƙera, gidajen alƙalai tun zamanin da. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa na karanta fayil har tsakar dare zai iya fin kowa sanin nauyin aikin. Ban san makin da kowa ya ci ba, kuma wannan shi ne ainihin ƙorafin. Da an buga sakamakon, da an rubuta cewa mahaifi ya fita daga ɗakin lokacin da aka zo kan sunan ɗansa kuma ga waɗanda suka yanke, da yaron kansa ya fi kowa cin riba, don zai hau kujera ba tare da ana raɗa a bayansa ba. Ɓoyewar tana cutar da wanda ya cancanta kamar yadda take rufa wa wanda bai cancanta ba asiri. Majistaren da ya shekara ashirin yana fama a ƙaramar kotu a Gumel ko Potiskum, bai san kowa a Abuja ba, idan ya ga jerin sunaye abin da zai faɗa wa kansa shi ne mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, badi ba zai sake nema ba. Haka muke rasa mutanen kirki tun kafin a fara tantancewa.

Mu da muka tashi a kan karatun zaure mun san yadda magabata suka ɗauki alƙalanci. Hadisi ya zo cewa wanda aka naɗa alƙali an yanka shi ba da wuƙa ba, wani kuma ya ce alƙalai uku ne, biyu a wuta, ɗaya a aljanna. Daga cikin biyun nan akwai wanda ya san gaskiya ya kauce, akwai kuma wanda ya yi hukunci cikin jahilci. Na biyun nan shi ne ya fi shafar maganarmu, domin ba cin hanci kaɗai ke ɓata shari'a ba, rashin sani ma yana ɓata ta, kuma wanda ya ɗora marar sani a kan kujera yana da kamasho a cikin abin da ya biyo baya. Imam Abu Hanifa ya gwammace ɗauri a kan ya karɓi alƙalanci a hannun Halifa Mansur. A garuruwanmu na da, kafin sarki ya naɗa alƙali, gari ya riga ya san shi: an san malaman da ya yi karatu a wurinsu, an san littattafan da ya sauke, an san halinsa a kasuwa da cikin unguwa. Ban ce zamanin ba shi da aibu ba, an yi alƙalan da suka ci gaisuwa, an yi waɗanda suka bi son zuciyar fada. Amma sanin mutum kafin a ba shi amana abu ne namu, ba sai mun aro shi ba.

A Amurka akwai kotunan tarayya na matakin farko a gundumomi 94. Shugaban ƙasa ke ba da suna, majalisar dattawa ta tabbatar, wanda ya samu kuma kujerarsa ce muddin rai sai in ya ajiye da kansa ko an tsige shi. Abin da ya burge ni a tsarinsu shi ne takardar tambayoyin da ake sa mutum ya cika, wadda kowa zai iya karantawa a intanet: inda ya yi aiki, ƙungiyoyin da ya shiga, abin da ya taɓa rubutawa, manyan shari'o'i goma da ya riƙe da sunayen lauyoyin da suka kara da shi. Sannan a zaunar da shi a yi masa tambayoyi ana haskawa. Da Zahid Quraishi ya zama Musulmi na farko da aka tabbatar a irin wannan kujera a 2021, a jihar New Jersey, ƙuri'a 81 ya samu, 16 suka ƙi. Da aka zo kan Nusrat Choudhury a 2023, Musulma ta farko, 50 da 49 aka tashi. Wannan tazara ta ƙuri'a ɗaya ta nuna aibun tsarin nasu: siyasar jam'iyya ta shiga ciki har wuya, kuma sau da yawa ana auna mutum ne da inda ake zaton zai karkata. Shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa a miƙa naɗin alƙalanmu ga majalisar dattawa. Mun sha ganin yadda ake tantance minista a can, a ce ya rusuna ya wuce. Kuma sanatocin nan su ne gobe za su tsaya gaban alƙalin da rigimar fitar da gwani. Abin ɗauka daga Amurka takardar nan ce da bayyana ta ga jama'a, sauran su riƙe kayansu.

An fara motsi, kuma ya kamata a yaba. A ƙarshen Afrilun 2025, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, NJC ta yanke cewa daga yanzu za a riƙa buga sunayen waɗanda ake shirin naɗawa don jama'a su faɗi abin da suka sani a kansu. A wannan zama ne ta dakatar da wasu alƙalai na tsawon shekara guda ba albashi, cikinsu har da biyu na Babbar Kotun Tarayya, Inyang Ekwo na Abuja da Aminu Baffa Aliyu na Zamfara. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai suna kaɗai ba ya faɗa maka komai. An ba mutane kwana 14 su rubuto ƙorafi tare da takardar rantsuwa. Wane ne zai iya? Ƙaramin lauyan da ya san majistare kaza yana karɓar na goro, zai sa sunansa a takarda, alhali in mutumin ya tsallake a gabansa zai tsaya shekara ashirin masu zuwa? Talakan da aka cuta a wata ƙaramar kotu, wanda bai taɓa buɗe shafin NJC ba kuma sanarwar da Turanci take, ta ina zai ji? Neman rantsuwa yana da dalili, don kada mahassada su ɓata sunan mutum a banza. To a bar rantsuwar, amma a tabbatar wa mai ƙorafi cewa kwamiti ne kaɗai zai san sunansa.

Abin da nake so in gani tare da kowane suna shi ne aikinsa. In majistare ne, a buga hukuncinsa goma, a faɗi shari'a nawa ya gama a shekara, nawa ya bari. In lauya ne mai zaman kansa, a kawo shari'o'in da ya tsaya a kansu har ƙarshe da abin da ya rubuta. A faɗi makin jarrabawa da na tambayoyin baki. A faɗi in yana da dangantaka ta jini ko ta aure da wani a cikin masu zaɓen ko da wani mai riƙe da muƙamin siyasa. In an tsallake wanda ya fi maki saboda rabon jihohi, a faɗa, ba abin kunya ba ne, tsarin mulki ne ya ce a yi rabon. Amma a cikin jihar da gurbin ya faɗa wa, a ɗauki wanda ya fi.

Wajen karanta aikin nan ma sai an yi hankali. Soke hukuncin alƙali a sama ba kullum yake nufin ya gaza ba. A watan Satumban 2022 Mai Shari'a Fadima Aminu ta Babbar Kotun Tarayya a Damaturu ta yanke cewa Bashir Machina ne ɗan takarar APC na Yobe ta Arewa, a lokacin da wanda ke neman kujerar, Ahmad Lawan, shi ne shugaban majalisar dattawa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da ita. Kotun Ƙoli ta soke a watan Fabrairun 2023, alƙalai uku suka rinjayi biyu. Babu mai hankalin da zai rubuta wannan a shafin gazawarta. Shari'a mace ce mai ciki, in ji Hausawa, kuma masana kan saɓa. Abin da ya bambanta shi ne inda Kotun Ƙoli ta riga ta share hanya. A 1986 Gwamna Yohanna Madaki na tsohuwar jihar Gongola ya tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur, sarkin ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, a 1989 Kotun Ƙoli ta ce wannan kotu ba ta da hurumi a kan rigimar sarauta ko da an lulluɓe ta da rigar haƙƙin ɗan Adam. Duk ɗalibin lauya ya karanta wannan shari'a. A watan Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗi haka a kan shari'ar Kano, cewa kotun tarayya ba ta da hurumi, maganar kuma ta wuce zuwa Kotun Ƙoli. Watanni bakwai da rabi ke nan gari yana zaman ɗar-ɗar kafin a zo kan tambayar da ya kamata ta zama ta farko.

Mai Shari'a Liman, a watan Yulin 2024 aka rantsar da shi a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Mutane da yawa a Kano suka ce lada ce aka ba shi. Gaskiyar magana ita ce NJC ta riga ta ba da sunansa tun tsakiyar watan Mayu, kafin a taɓa dokar masarautu. Na sha faɗa wa mutane haka, kaɗan ne suka yarda. Ban ga laifinsu sosai ba, domin ba a taɓa nuna musu ma'aunin da ake ƙarin girma da shi ba, kuma inda babu bayani zato ne ke cika wurin. Ƙarin girman ma yana da nasa ɓarnar da ba a cika magana a kai ba. Shari'ar tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, an fara ta a 2007. Mai Shari'a Mohammed Idris ya yanke masa shekara 12 a watan Disamban 2019, amma kafin nan an riga an ɗaga alƙalin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya dawo ne da izini na musamman ya ƙarasa. A watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta ce ba shi da ikon yin haka, ta rushe shari'ar. Aikin shekara goma sha biyu ya bi ruwa. Irin wannan na faruwa da ƙananan mutane ba tare da jarida ta ɗauka ba: a ɗaga alƙali, ko a yi masa canjin wurin aiki, a ce a faro shari'a daga farko, shaidu sun watse, wanda ake tuhuma yana tsare. Masu tsara ƙarin girma da canjin wuri ya kamata su riƙa duba fayilolin da ke gaban alƙali kafin su motsa shi.

Ba zan rufe ido ga halin da alƙalan ke ciki ba. Daga 2008 albashinsu bai motsa ba har 2024, da aka yi dokar da ta ƙara shi da kusan kashi 300. Shekara goma sha shida naira na zubewa, mutumin da ke yanke hukunci a kan biliyoyi yana lissafin kuɗin makarantar yara. Da yawansu da hannu suke rubuta kowace kalma da shaida ya faɗa. Doka ta ba Babbar Kotun Tarayya gurbin alƙalai 100 ne kacal ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, ga shari'o'in zaɓe da dole a gama cikin kwana 180, waɗanda kan ture duk sauran gefe. A watan Oktoban 2016 jami'an DSS suka fasa gidajen alƙalai da tsakar dare, ɗaya daga cikinsu, Adeniyi Ademola na wannan kotu, kotu ta wanke shi a 2017. Ban goyi bayan wannan hanya ba kuma ba zan goya ba, don alƙalin da ke tsoron a fasa masa ƙofa ba zai iya yi wa gwamnati hukunci ba. Kotuna ma sun yanke, a shari'ar Mai Shari'a Hyeladzira Nganjiwa, cewa ba a gurfanar da alƙali mai ci a kan abin da ya shafi aikinsa sai NJC ta fara hukunta shi. Wannan kariya tana da amfani. Amma tunda mun yarda fitar da alƙali ya yi wuya haka, dole shigarsa ta fi wuya, domin a bakin ƙofar shiga ne kaɗai muke da damar tacewa ba tare da mun taɓa 'yancin kotu ba.

Akwai abin da ba sai an jira gyaran tsarin mulki ba. Rassan ƙungiyar lauyoyi na Kano, Kaduna, Sakkwato, Maiduguri da sauransu su ne suka fi kowa sanin waye waye, domin kullum suna kotu tare da mutanen nan. Su zauna a kan kowane suna, su yi ƙuri'a a asirce, su buga matsayarsu da sunan reshe, yadda ba za a kama mutum ɗaya ba. Gidajen rediyonmu, waɗanda kan ba da awa guda ga sojojin baka suna zagin juna, su ware rabin awa duk lokacin da NJC ta fitar da jeri: a karanta sunayen da Hausa, a faɗi jihar kowa, kotun da ya yi aiki, da adireshin da ake kai ƙorafi ko yabo, don yabon ma shaida ne. In majistare ya shekara goma sha biyar a gari bai taɓa karɓar ko ƙwandala ba, mutanen garin sun sani, kuma ya kamata wannan ya isa gaban kwamitin kafin kwana 14 su cika.